Tambaya a kan jera manazarta a maƙalar da za a tura wa mujallar hoton haƙori

Ƙaramin Likita ya rubuta:

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan'uwa, barkanmu da war haka.

Muna da maƙala a kan auna tazarar da ke tsakanin saiwar turamen ƙasa da magudanar jijiyar muƙamuƙi a hotunan CBCT, wato hoton CT mai nuna haƙora da muƙamuƙi ta fuska uku, kuma Imaging Science in Dentistry ta ƙasar Koriya ta Kudu muke son tura wa. Aikin ya kammala, saura manazarta, su ne suka tsaya mana a wuya. Guda 38 ne. Wasu daga PubMed, rumbun maƙalun likitanci na intanet, aka kwafo su, wasu daga Google Scholar, wasu kuma da hannu aka buga, saboda haka kowanne da kamarsa: wani da aya bayan sunan mujalla, wani babu, wani an jero marubuta goma sha ɗaya, wani uku kawai.

Abin da nake son sani: idan mujalla ta ce a bi tsarin Vancouver, wanda PubMed ke bayarwa ya wadatar ko sai an gyara? Marubuta nawa ake rubutawa kafin a yanke? Akwai maƙalu na Dentomaxillofacial Radiology da ba mu ga lambar shafinsu ba sam, sai wata doguwar lamba, yaya za mu yi da su? Sannan na'urar da muka ɗauki hoto da ita da manhajar da muka yi awo da ita, su ma cikin manazarta suke shiga? Allah ya saka da alheri.

Mai Duba Hoto ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Likita.

Ka fara cire wa ranka cewa akwai wani tsari guda ɗaya tak mai suna Vancouver wanda kowace mujalla za ta karɓa ido rufe. Sunan ya samo asali ne daga zaman da wasu editocin mujallun likitanci suka yi a birnin Bankuba (Vancouver) na Kanada a 1978, suka fitar da ƙa'idojinsu a 1979, daga baya ƙungiyar ta zama ICMJE, kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya. Abin da suka haɗu a kai ƙashin baya ne: a ba kowace madogara lamba bisa yadda ta fara fitowa a cikin rubutu, sannan a jero marubuta, take, sunan mujalla a taƙaice, shekara, juzu'i da shafi. Amma zancen aya da waƙafi da tazara, kowane allazi da nasa amanu. Don haka ka buɗe umarnin marubuta na mujallar, ka kuma sauke maƙala biyu daga fitowarta ta baya-bayan nan ka ajiye a gefe. Abin da ka ga an buga shi za ka kwaikwaya.

Ga yadda layi ɗaya yake fitowa a mujallar da kuka zaɓa, da maƙalar 'yan Italiya da kusan kowa ke fara tarihin CBCT da ita:

Mozzo P, Procacci C, Tacconi A, Martini PT, Andreis IA. A new volumetric CT machine for dental imaging based on the cone-beam technique: preliminary results. Eur Radiol 1998; 8: 1558-64.

Duba shi da kyau. Sunan dangi ne a gaba, sai harufan farko na sauran sunaye a manne, ba aya, ba tazara, kuma ba sa wuce biyu. Waƙafi tsakanin marubuci da marubuci, aya bayan na ƙarshe. Take kuma harafin farko kaɗai ke zama babba, sai sunan yanka da taƙaitattun kalmomi irin CT. Ba a sa masa alamar zancen wani, ba a karkata rubutunsa. Bayan sunan mujalla babu aya. Shekara, waƙafi mai ruwa, tazara, juzu'i, ruwa biyu, tazara, shafi. Shafin ƙarshe ana datse masa lambobin da suka maimaitu, shi ya sa 1558 zuwa 1564 ya koma 1558-64. Da 1598 zuwa 1604 ne, sai a rubuta 1598-604.

PubMed kuwa zai ba ka wutsiyar layin kamar haka: Eur Radiol. 1998;8(9):1558-64, sannan ya ɗora DOI, lambar dindindin ta maƙala a intanet, da PMID, lambarta a PubMed. Ka ga bambanci huɗu ke nan a guntun layi: aya bayan sunan mujalla, lambar fitowa, rashin tazara, da ƙarin lambobi a ƙarshe. Bayanin da ya ba ka daidai ne, rigar ce ba ta gidan ba. Na Google Scholar kuma kada ka yarda da shi ko kaɗan sai ka gwada da asali, domin na'ura ce ke tsinto bayanan daga shafuka, takan yanke marubuta, takan ɗauki shekarar da aka ɗora fayil a matsayin shekarar bugu, kuma sau da yawa takan bar sunan mujalla a buɗe ba taƙaitawa.

Marubuta: in shida ne ko ƙasa da haka, a rubuta su duka. In sun kai bakwai, a rubuta shida na farko, waƙafi, sai et al., wato da sauransu, da ayarta. Waɗanda kuka gani da uku kawai daga tsarin AMA, na Ƙungiyar Likitocin Amurka, suka fito, shi ne ke yanke wa a uku idan marubuta sun haura shida. Ba kuskure ba ne a inda ake binsa, amma a nan sai kun koma kun nemo na huɗu da na biyar da na shida.

A cikin rubutu, lambar ƙarama ce a saman layi, bayan aya ko waƙafi. Madogara biyu, 4,7. Uku ko fiye a jere, 4-7. Madogarar da ta samu lamba 4 a gabatarwa, 4 ɗin za ta ci gaba da amsawa ko a tattaunawa ta sake fitowa, ba a sake mata sabuwa. In ka ambaci marubuci da suna a jimla, sunan dangi kawai za ka kawo, lambar ta biyo shi nan take.

Batun doguwar lamba kuma, ba shafi ne ya ɓata ba. Daga 2013 mujallar Dentomaxillofacial Radiology ta daina sa lambar shafi, ta koma ba kowace maƙala lambarta, kuma lambar ce ke zama a gurbin shafi:

Pauwels R, Araki K, Siewerdsen JH, Thongvigitmanee SS. Technical aspects of dental CBCT: state of the art. Dentomaxillofac Radiol 2015; 44: 20140224.

A nan mutane ke faɗawa rami. Lambar ta fara da 2014, sai mutum ya ɗauka shekarar bugu ce ya rubuta 2014, alhali juzu'i na 44 na 2015 ne. Wani kuma sai ya buɗe PDF ya ga an rubuta shafi na 1 cikin kaza, ya sa wannan a matsayin shafi. Duk maƙalun shekarun haka suke farawa daga 1, wannan lissafin ba ya kai mai karatu ko'ina. Da mujallar ta koma hannun maɗaba'ar Jami'ar Oxford a 2024, lambar shafi ta dawo. Ke nan mujalla ɗaya za ta iya fitowa a jerinku da kama biyu, kuma duka daidai ne. Kada wani ya zo ya ce zai daidaita su.

Hajiyar Laburare ta rubuta:

Malam ya gama da siffa. Ni a kan aikin hannu zan yi magana, don manazarta 38 da aka tattaro daga wuri uku ba a gyara su ɗaya bayan ɗaya a cikin Word. Ranar da mai bita ya ce a ƙara madogara ɗaya a sakin layi na biyu, duk lambobin da ke ƙasa sai sun matsa, kuma a nan ne ake samun maganar wani an jingina wa wani.

Likita, ka sauke Zotero, manhajar tsara manazarta ce ta kyauta, tana zuwa da abin da ke manne ta da Word. Kada ka shigar da tsohon jerinku cikinta. Ka ɗauki kowace maƙala ka nemo ta a PubMed, ka kwafi lambar PMID ko DOI, ka zuba a ɗan akwatin nan mai alamar sandar tsafi a sama, ita za ta jawo bayanan da kanta. Wadda ba ka san DOI ɗinta ba, Crossref, hukumar rajistar DOI, na da shafin da za ka liƙa layin manazarta ya nemo maka. Salon mujallar kuma ka neme shi a rumbun salo na Zotero, shi zai tsara maka jerin.

Bayan sun shiga, akwai gurabe huɗu da sai an duba da ido, domin manhaja abin da aka ba ta take juyawa, ba ta san gaskiya ba.

Take. Wasu mawallafa suna turo shi kowace kalma da babban harafi. Danna dama a kan taken ka mayar da shi tsarin jimla, sannan ka bi ka ɗaga abin da ya kamata ya tashi, don za ta mayar da CBCT cbct, ta ƙasƙantar da sunayen ƙasashe da na mutane.

Shekara. Maƙala takan fito a intanet a watan Nuwamba, a saka ta cikin juzu'i a Fabrairun shekara mai zuwa. In juzu'i da shafi sun samu, shekarar juzu'in ake rubutawa. Wadda kuka adana tun tana sabuwa ba juzu'i, ku sake nemo ta kafin turawa, galibi ta riga ta samu.

Sunan mujalla. Taƙaitawar da ake bi ita ce ta Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka (NLM), ana duba ta a NLM Catalog, ba a ƙirƙira ta da ka. A saitin takarda na Zotero akwai wurin da za ka zaɓi ta yi amfani da taƙaitawar MEDLINE, wato ta NLM ɗin. Ka kunna shi, amma ka sake dubawa. Mujalla mai suna kalma ɗaya, irin Radiology, ba a taƙaita ta. Kuma ga wani abu da kan ba mutanenmu dariya: Niger da za ka gani a Niger J Clin Pract ko Niger Postgrad Med J ba Jamhuriyar Nijar ba ce, taƙaitawar kalmar da ke nufin ta Nijeriya ce, kada ka gyara ta zuwa Nig. Mujallar da ba ta cikin kundin NLM kuwa, akwai jerin taƙaita kalmomi na cibiyar ISSN, shi ake bi kalma-kalma.

Sunayen mutane. Wannan ya fi kowanne ɓata lokaci. Fagen hoton haƙori cike yake da 'yan Birazil da Turkiyya da Koriya da Holan. Haiter-Neto F suna ɗaya ne mai karan ɗori, ba a raba shi a mayar da Neto shi kaɗai sunan dangi. Van der Stelt PF da ƙananan kalmominsa yake tafiya gaba ɗaya. Sunayen Koriya da Sin sau da yawa manhaja kan juya su, sunan yanka ya koma na dangi. Namu ma ba su tsira ba: mutum da suna uku, nasa da na mahaifi da na kaka ko na gari, a wannan mujalla an ɗauki na ƙarshe, a waccan an ɗauki na tsakiya. Ƙa'ida ita ce ka rubuta yadda maƙalar da kake kawowa ta buga shi, ko da ka san mutumin, ko da ka san an yi kuskure, domin da wannan sunan za a neme ta. Kai ma kuma tun yanzu ka tsayar da siga ɗaya ta sunanka, ka buɗe ORCID, lambar shaida ta mai bincike, kada ayyukanka su warwatse a ƙarƙashin mutum uku. Idan hukuma ce marubuciya, ka mayar da gurbin suna ya zama guda ɗaya, in ba haka ba manhajar za ta ɗauki kalmar ƙarshe a matsayin sunan dangi ta mayar da sauran haruffa, ka ga European Commission ta koma Commission E.

Kafin ka fara sakawa a Word, ka leƙa wurin da Zotero ke nuna waɗanda suka maimaitu ka haɗe su. Maƙala ɗaya in ta shiga sau biyu, lamba biyu za ta samu a jeri.

Sai maganar jadawali. ICMJE ta ce madogarar da ta fito a jadawali ko bayanin hoto kaɗai, lambarta na bin wurin da aka fara ambaton jadawalin a cikin rubutu. Matsalar ita ce mujallu kan ce a kai jadawali ƙarshen takarda, manhaja kuwa daga sama zuwa ƙasa take ƙirga, sai ta ba su lambobin ƙarshe. Dabarar: ka bar jadawalin a inda aka fara ambatonsa, ka sabunta lambobi, ka adana kwafi na biyu, a cikin kwafin ka danna Unlink Citations don rubutun ya zama sandararre, sannan ka ɗauke jadawalin zuwa ƙarshe. Kwafin da aka yanke wa igiya shi ake turawa. Na asalin ka riƙe shi gam, don da zarar an yanke ba a mayarwa, kuma da shi za ka yi gyaran masu bita. Kada kuma ka saka madogara cikin akwatin rubutu na Word, lissafin kan rikice. Haka nan in kuna bin sawun gyara, ku karɓi gyare-gyaren kafin ku sabunta, don madogarar da aka goge amma ba a tabbatar da gogewar ba tana iya ci gaba da riƙe lambarta.

Ƙaramin Likita ya rubuta:

Malam, Hajiya, Allah ya ƙara ilimi. Ga wani abin da ya ɗaure mini kai. Maƙala uku a jerinmu duk daga mujallar nan ta Amurka mai dogon suna suke, wadda ake ce wa OOOO, amma ɗaya ta ƙare da Pathol, ɗaya da Endod, ɗaya da Radiol. Wanne ne daidai in mayar da su duka kansa? Kuma har yanzu ina jiran bayani a kan na'ura da manhaja, da littafi, da kundin da ba a buga ba.

Malam Na Bita ya rubuta:

Kada ka taɓa su, ƙanena, sai ka duba shekarunsu. Mujallar ce ta sauya suna. Har zuwa 1994 Oral Surg Oral Med Oral Pathol ce. Daga 1995 zuwa 2011 ta zama Oral Surg Oral Med Oral Pathol Oral Radiol Endod. Daga 2012 aka cire Endod. Kowace maƙala da sunan da mujallar ke amsawa a shekarar da aka buga ta ake kawo ta. Wadda kuke son tura wa ma haka take: kafin 2011 Korean J Oral Maxillofac Radiol ce, daga 2011 ta zama Imaging Sci Dent, lissafin juzu'i ya ci gaba daga 41 bai koma 1 ba. Edita zai fi saurin ganin kuskure a sunan mujallarsa fiye da ko'ina.

Na'ura ba ta shiga jerin manazarta. A sashen hanyoyin bincike ake ambatonta, sunan samfurin, sai a cikin baka biyu kamfani da gari da ƙasa: Planmeca a Helsinki ta Finlan, J. Morita a Kyoto ta Jafan, da makamantansu. Sau ɗaya ake kawo gari da ƙasa, a ambato na farko. Abin da mai bita ke nema kusa da sunan shi ne saitin ɗaukar hoton: kVp da mA, wato ƙarfin lantarkin na'urar, daƙiƙa nawa, faɗin filin da aka ɗauka, girman voksel, wato ƙwayar hoto mafi ƙanƙanta, da milimita. Aikinku awo ne na tazarar da wani lokaci ba ta kai milimita ɗaya ba. In babu girman voksel, ba wanda zai san ko na'urar na iya rarrabe abin da kuka ce kun auna. Manhaja ma haka, da lambar sigarta. Sai dai akwai manhajojin kyauta da masu su suka roƙi a riƙa kawo wata maƙala tasu, irin ImageJ da 3D Slicer da ITK-SNAP. Waɗannan ka ambace su a rubutu, ka kuma ba maƙalar lamba a jeri. Takardar tallar kamfani kuwa ba hujja ba ce a kan ingancin na'ura.

Littafi: marubuci ko edita, take, bugu na nawa, gari, ruwa biyu, maɗaba'a, waƙafi mai ruwa, shekara, sai shafi. In babi ka ɗauko, marubucin babin da taken babin ne a gaba, sannan kalmar In da ruwa biyu, editoci, sunan littafi, har zuwa shafukan babin. Babban littafin fagen nan, Oral Radiology: Principles and Interpretation, ma yana da tarko. Bugu na 7 na 2014 White da Pharoah ne editocinsa. Bugu na 8 na 2019 Mallya da Lam ne, sunan White da Pharoah ya koma cikin taken littafin. Ana yawan ganin an haɗa editocin wancan da shekarar wannan, abin da babu shi a duniya. Ka ɗauki wanda ke hannunka ka buɗe bayan shafin take ka kwafa daga nan.

Kundin digiri ko na zama ƙwararre, irin waɗanda ake miƙa wa Kwalejin Likitoci ta Ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, ana iya kawo shi: marubuci, take, a nuna kundi ne cikin baka mai kusurwa, gari, cibiya, shekara. Amma ka bincika ko an fitar da maƙala daga cikinsa, in akwai ita ta fi, don edita a Koriya ba shi da hanyar ganin kundin da ke kan kanta a Legas. Maƙalar da aka karɓa ba a buga ba tana shiga jeri da alamar tana maɗaba'a. Wadda aka tura ba a karɓa ba, da maganar da wani ya faɗa maka baki da baki, ba sa samun lamba. A cikin rubutu ake ambatonsu, da sunan mai maganar da kwanan wata, bayan ya ba da izini a rubuce. Shafin intanet kuma dole a haɗa da ranar da aka duba shi.

Yanzu ga wanda ya fi duk waɗannan nauyi a wurina, don shi ba na ado ba ne. In kun yi maganar yawan hasken da majiyyaci ke sha, ku san wace takardar ICRP, hukumar duniya mai ba da shawara kan kariya daga hasken radiyeshon, kuke kawowa. Ta 60, shawarwarin 1990 da aka buga a 1991, da ta 103 ta 2007, ba lissafi ɗaya suke bi ba. Ta 2007 ta ba sassan da ke samar da yawu nasu kaso na 0.01, ta kuma shigar da fatar cikin baki cikin ragowar sassan da ake lissafawa. Waɗannan kuwa su ne ke tsakiyar hasken hoton haƙori, shi ya sa hoto iri ɗaya a na'ura iri ɗaya yake ba da adadi mafi girma da sabon lissafi. Wanda ya ɗauko adadi daga tsohuwar maƙala ya jingina shi ga ta 103, waƙafinsa na iya zama daidai amma maganarsa ƙarya ce. Ita ta 103 kamar mujalla ake kawo ta, Ann ICRP 2007, juzu'i na 37. Jagorar Tarayyar Turai a kan CBCT, mai lamba 172 ta 2012, wadda ta fito daga aikin SEDENTEXCT, rahoto ce: hukuma a gurbin marubuci, take da lambar rahoto, Luksambag, shekara.

Mai Duba Hoto ya rubuta:

Na yarda da Malam. Abu ɗaya nake so in ja wa Hajiya a kai, da girmamawa. Samun sunan mujalla a rumbun salo na Zotero ba ya nufin salon ya yi daidai da abin da mujallar ke bugawa yau. Masu sa kai ne ke rubuta su, mujalla kan sauya ba a sabunta ba. Wanda ya dogara da shi kacokan zai tura abu da kuskure iri ɗaya sau 38.

Hajiyar Laburare ta rubuta:

Gaskiya ne, Malam, amma kuskure iri ɗaya sau 38 ya fi kuskure iri 38 sauƙin magani. In salon ya sa aya inda ba a so, wuri ɗaya za a gyara a fayil ɗin salon, ko a bi da nema-da-sauyawa a kwafin da aka yanke wa igiya, minti biyar an gama.

Tunda an zo nan, Likita, ga tantancewar ƙarshe, kuma mutum biyu take so. A buga takardar a kan farar takarda. Ɗaya ya karanta jimlar da lambarta, ɗaya ya buɗe maƙalar mai wannan lamba, cikakkiyarta ba tsakure ba, ya nuna layin da ya faɗi haka. Za ku tarar da waɗanda aka gada daga manazartar wata maƙala ba wanda ya taɓa buɗe su, da waɗanda aka yi a kan CT na asibiti aka jingina wa CBCT, da waɗanda aka yi a busasshen ƙoƙon kai aka rubuta kamar a kan masu rai aka yi. Duk wadda ba ku iya samo ta kun karanta ba, ku cire.

Ku liƙa kowace DOI a doi.org ku ga inda ta kai ku. In akwai layin da aka samo daga manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira, wannan gwajin ya zama tilas, don sukan haɗa sunayen marubuta na gaske da mujalla ta gaske su ƙaga take da shafin da babu su. Ku duba kuma ko an janye wata: PubMed na sa jan gargaɗi a kanta, Zotero ma na nunawa saboda tana haɗe da bayanan Retraction Watch, masu bibiyar maƙalun da aka janye. Wadda aka yi wa gyara bayan bugu, adadin da aka gyara za ku ɗauka.

Malam Na Bita ya rubuta:

Ƙarin abu ɗaya da na manta. In za ku sa hoto ko zane daga wata maƙala, lamba a bayanin hoton ba ta isa ba. Ku duba lasisin maƙalar. In ba buɗaɗɗe ba ne sai da izinin mawallafi a rubuce, kuma a faɗi haka a ƙarƙashin hoton. Naku hotunan kuma ku tabbata sunan majiyyaci da lambar katinsa da ranar haihuwarsa ba su biyo kusurwar hoton ba lokacin fitarwa daga na'ura, don manhajojin duba hoto da yawa suna liƙa su a kai sai an kashe da hannu.

Ƙaramin Likita ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maƙalun OOOO ɗin na 1991 da 2006 da 2013 ne, ke nan kowacce sunanta daidai yake, na bar su yadda suke. Yanzu PMID nake tattarawa. Hajiya, in na zo kan jadawali na biyu, mai madogara tara a ciki, zan sake dawowa.